Mitar da Mai Fensir Ya Ƙi Arowa

A hawa na biyu na kasuwar kayan lantarki akwai wani dogon lungu mai shaguna goma sha huɗu, bakwai suna fuskantar bakwai. Duk wanda ya hau matakala ya shiga, ƙarar fankoki ce za ta fara tarbarsa, sa'an nan warin narkakkiyar dalma. A shago na uku ta hannun dama Mai Fensir yake zaune, shekara ashirin da shida ke nan. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya fara furfura, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin kunnensa na dama babu fensir a saƙale ba. Ko ranar auren 'yarsa da shi ya je. Sai da za a ɗauki hoto matarsa ta zare shi.

Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, saboda haka ya iya riƙe ƙarfen liƙi tun kafin ya iya riƙe alƙalami da kyau. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare. Yakan ce bai yi nadama ba, amma cikin 'ya'yansa huɗu babu wanda ya ƙyale ya fasa zuwa makaranta ko na yini guda. Daga rediyo ya koma talabijin, daga talabijin ya koma kwamfuta. A nan ne ya sami abin da ya zame masa sana'a da abin alfahari gaba ɗaya, wato abin da mutanen lungun suke kira kora.

Ga abin da ake nufi da ita. Kowace kwamfuta tana da furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Waɗanda ake zane ko wasa da su kuma suna da katin hoto, wani faffaɗan allo mai tasa ƙwaƙwalwar da tasa fankar, wanda shi ke zana duk abin da ido yake gani a fuskar kwamfuta. Masu ƙera waɗannan abubuwa sukan ƙayyade musu gudu ƙasa da iyakar ƙarfinsu, don su daɗe. Kora ita ce a fito da ragowar gudun da aka ɓoye. Abu biyu take buƙata: ƙarin wuta, domin inji ya iya gudun, da ƙarin sanyi, domin kada wutar ta cinye shi.

Mai Fensir ya sami laƙabinsa ne ta hanyar da yake ƙara wutar. A bayan katin hoto akwai wata 'yar mitsitsiyar aba, ba ta kai rabin ƙwayar shinkafa ba, ana ce mata razista. Ita ce ke tsare iyakar wutar da kati zai ja. Baƙin fensir yana ɗaukar wuta. In aka shafa mata shi, sai ƙarfinta na tsarewa ya ragu, kati ya ja fiye da yadda aka ƙayyade masa. In aka zarce kuwa, kati ya ƙone. Saboda haka yana da doka guda wadda ya koya wa duk wanda ya taɓa zama a gefensa: a ja fensir sau ɗaya, a ɗora mita a auna, sa'an nan a yi tunanin ja na biyu. In awo ya nuna an wuce ƙima, a sa magogi a goge. Na ji shi yana maimaita wannan doka ya fi sau ɗari, wani lokaci ga mutanen da batir kawai suka zo saye.

A kan matakala, inda babu wanda zai shiga lungun bai gani ba, akwai baƙin allo irin na makaranta. Mai kula da shi wani dattijo ne mai sayar da wayoyin wuta a shago na farko, ana ce masa Mai Kebur. Masu gyara sun daɗe da zaɓen wani tsohon samfurin katin hoto, wanda aka tsayar da gudunsa a 925, suka mai da shi abin gwada gwaninta. Duk wanda ya kori nasa, sai ya kira Mai Kebur ya zo da agogonsa. Kati zai yi awa guda cur yana zana wani hoto mai nauyi, ba tsayawa, ba ɗigo ko ɗaya a fuska. In ya yi, a rubuta lambar da laƙabin mai shi. Doka ta biyu kuwa, lamba tana raye ne muddin kati yana raye: ranar da ya mutu, a goge ta. Mai Fensir ne da bakinsa ya kawo wannan doka, a shekarun da yake ganin ba za ta taɓa hawa kansa ba. Ba a cin komai a gasar. Alli ne kawai a kan allo.

Shekara tara lambar da ke sama ba ta canza ba: Mai Fensir, 1,140. Katin da ya yi ta yana nannaɗe cikin farin ƙyalle a aljihun tebur, kuma yana kiransa Tsohuwa. Kowace safiya in ya hau matakala yakan ɗan tsaya a gaban allon, wai yana hutar da gwiwa. In allin ya fara dusashewa, shi ne yake tuna wa Mai Kebur ya sake bi ta kai.

Shagon da ke fuskantar nasa na ƙanen matarsa ne, autan gidansu. Mutanen lungun suna ce masa Shiru, don yakan yini bai yi magana goma ba. Mai Fensir da matarsa kuwa Auta suke kiransa, ko da yake ya haura talatin da biyar, da mata da 'ya'ya biyu. Gyaran agogo ya fara koya, da aikin ya mutu sai yayarsa ta roƙi mijinta ya ɗauke shi. Shekara takwas ya yi a gefen teburin Mai Fensir. Ranar da ya buɗe nasa shagon, Mai Fensir ya yi masa kyauta biyu a gaban kowa. Ta farko ita ce mitarsa mai kyau, mai nuna lamba dalla-dalla, ya bar wa kansa tsohuwar mitar mahaifinsa mai allura. Ta biyu kuwa kwali ne cike da katunan da ya gwada ya ga ba za su koru ba.

"In ka rasa abin yi, ka ciri fankoki a jikinsu," in ji shi. "Ban da wannan ba su da wani amfani."

Kyautar mitar ba ta raba shi da ita ba. Faɗin lungun taku huɗu ne. Duk lokacin da zai yi aikin fensir sai ya ɗaga murya: "Auta, mita!" Shiru ya miƙo. Daga baya ma Shiru ya kafa ƙusa a bakin ƙofarsa yana rataye ta a nan, domin Yaya, kamar yadda yake kiran Mai Fensir, ya ɗauka ba sai ya tambaya ba. Amma Mai Fensir bai daina kiran ba, don yana jin daɗin a ji shi.

Ana nan sai aka fara ganin Shiru da wani aiki na daban. Ya sami gilashin tsohuwar taga mai kauri, ya shimfiɗa samfefa a kai, ya yayyafa ruwa. Ya cire farantin jan ƙarfen da ke zama a kan ƙwaƙwalwar kati yana ɗebe zafi, ya shiga goga shi a hankali, gaba da baya. Dalilinsa shi ne, farantin da ido ke gani sumul yana da tudu da kwari, kuma duk inda bai taɓa ƙwaƙwalwar ba, zafi yana maƙalewa a nan. Yakan shafe fuskar farantin da tawada, ya goga, ya duba inda tawada ta rage, ya ci gaba. In ya gama da samfefa mai kaushi, ya koma mai laushi. Mako uku yana wannan duk lokacin da babu aiki a gabansa.

Mai Fensir ya san aikin sarai. Shi ya nuna masa shi tun shekarar farko, sai dai shi bai taɓa wuce rabin yini a kai ba. Ya mai da abin na ba'a.

"Auta, madubi kake yi wa yayarka? Ai tana da shi, kullum tana gabansa."

"Na kusa, Yaya."

"Ka kusa me? Mai Kebur, zo ka ga ɗalibina. An koya masa kora, ya koma wankin kwano."

Shiru ya yi murmushi, ya ɗiga ruwa, ya ci gaba.

Wata Asabar da hantsi Shiru ya ce wa Mai Kebur ya zo da agogo. Labari ya bi lungun, mutane suka taru a ƙofarsa. Mai Fensir ya zo da kofin shayinsa, ya jingina da ƙofa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Da ya ga lambar da Shiru ya sa, 1,152, sai ya yi dariya har shayin ya zube masa a hannu.

"Minti biyar na ba shi," in ji shi.

Kati ya kai minti goma. Ya kai talatin. Fankar ko kuka ba ta yi sosai, domin ja biyu kacal Shiru ya yi da fensir. Sauran aikin duk sanyi ne ya yi shi. Wajen minti hamsin Mai Fensir ya daina magana, ya matso yana leƙen fuskar kwamfutar, yana neman ɗigo. Sau biyu ya nuna wani wuri da yatsa, sau biyu Mai Kebur ya sa hannun riga ya goge, ya ce kashin ƙuda ne. Da awa ta cika, dattijon ya sauke hannu ya ce, "Ta yi."

A faɗi gaskiya a kan mutumin nan: shi ya fara tafi, kuma tafinsa ya fi na kowa ƙarfi. Ya dafa kafaɗar Shiru yana cewa, "Ni na koya masa! Ku tambaye shi!" Sa'an nan ya ce a ba shi katin ya gani. Da ya juya bayansa, sai ga wata 'yar alamar gicciye a kusurwa, an yi ta da fensir. Hannunsa ne. Haka yake yi wa duk katin da ya yanke wa hukuncin cewa ba zai koru ba.

"Daga kwalin nan ne?" ya tambaya, muryarsa ta sauka.

"Daga ciki ne, Yaya."

Ya ajiye katin a hankali, ya koma shagonsa. Ya manta kofinsa a can, kuma bai koma ya ɗauka ba.

Daga ranar kishi ya shige shi. Ya daina bi ta babbar matakala, ya koma zagayawa ta matakalar baya, wadda ta fi tsayi, shi da ke kukan gwiwa. Ya juya kujerarsa ya ba ƙofa baya, wai haske yana damun idonsa. Amma ya rataye wani ɗan madubi a bango ta yadda yake ganin duk mai shiga shagon Shiru. Ya gaya wa mai gyaran firinta na ƙarshen lungu cewa agogon Mai Kebur yana sauri. Ya gaya wa Mai Kebur cewa ranar an yi sanyi, a bari zafi ya zo a gani. Ya gaya wa kowa cewa katuna ba sa zama ɗaya ko da samfurinsu ɗaya ne, wani yakan fito da ƙarfi tun daga masana'anta, saboda haka sa'a ce. Wannan na ƙarshe akwai gaskiya a cikinsa, kuma shi ya fi ci masa rai, domin in sa'a ce, to a hannunsa ta fara sauka, ya sa mata alama ya jefa ta a kwali.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Wata Lahadi da rana tana kan keke, shi kuma yana kishingiɗe yana magana da rufin ɗaki.

"Ɗan'uwanki ya iya ɓoye ciki. Shekara takwas yana gefena kamar bai san komai ba."

"Auta? Me ya yi maka?"

"Katina ya ɗauka."

"Ba shi ka yi. Ina wurin."

"Na ba shi ya ciri fanka, ban ba shi ya hau kaina ba."

Ta tsayar da keken, ta dube shi ta saman tabarau. "Baban yara, shekara nawa kana cewa ba shi da zuciya, ba zai yi nisa ba? Yau ya yi nisa, kuma ka kasa cin abinci. To wanne kake so?"

"Ya yi nisa mana, amma ba ta kaina ba. Ga allo nan da faɗi. Na biyu ma ai matsayi ne."

"To ai sai ka zauna a kai, tun da ka ce matsayi ne."

Ya juya ya fuskanci bango. Ta taka kekenta.

Abin da mutanen lungun suka fi lura da shi shi ne kiran nan ya ɗauke. Ba a ƙara jin "Auta, mita!" ba. Shiru ya ci gaba da rataye ta a ƙusa kowace safiya. Da ya ga mako biyu ba a taɓa ta ba, sai ya ɗauko ta da kansa, tare da kofin shayin nan da ya wanke, ya tsallako.

"Yaya, na ga kamar kana da aiki."

"Ina da tawa."

"Allurarta tana maƙalewa."

"Ubana ya yi shekara arba'in da ita bai ƙone ko rediyo ɗaya ba. Ajiye kofin, ka tafi da kayanka."

Abin da ya ƙarasa shi ƙaramin abu ne. Wani baƙo ya hau da kwamfuta a rungume, ya tsaya ya karanta allo, ya leƙa shagon Mai Fensir ya ce da ladabi, "Baba, don Allah ina ne shagon Shiru, wanda sunansa ke sama?" Mai Fensir ya nuna masa da fensir, bai juyo ba. Kafin a tashi kasuwa ya je shago na farko ya ce wa Mai Kebur, "Asabar ka zo da agogonka. Kuma ka sa masa sabon batir."

Asabar da safe ya buɗe aljihun tebur ya warware Tsohuwa. Lissafinsa shi ne, in ya ƙara mata wuta kaɗan za ta kai 1,160. Ya goge tsohon shafin fensir, ya ɗora mitar mahaifinsa. Allura ta tashi ta tsaya a tsakiya. Ya ƙwanƙwasa gilashinta da farce, ta matsa gaba. Ya sake ƙwanƙwasawa, ta dawo baya. Mitar ta isa a gane ko waya ta tsinke, amma aiki mai siririn bambanci irin wannan ya fi ƙarfinta, kuma ya sani. Ya ɗaga ido ya dubi madubinsa. Ga mita mai kyau can a ƙusa, wayoyinta ja da baƙa suna lilo. Shiru yana ciki, ya ba ƙofa baya. Taku huɗu ne, kuma ba sai ya yi magana ba. Ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya ture ta mahaifinsa gefe, ya ce a ransa hannun da ya yi shekara ashirin yana wannan aiki ya san nauyin ja.

Hannun ya sani, amma da fensirin da ya saba. Wanda ke kunnensa mai tauri ne, yana barin baƙi kaɗan-kaɗan. Ran nan kuwa, don yana son wuta da yawa, ya zo da wani mai laushi daga kwandon ɗinkin matarsa, irin wanda take sa alama a yadi da shi. Ya yi ja shida kamar yadda ya saba yi wa Tsohuwa, ya ƙara biyu na sabuwar lamba. Bai auna ba ko sau ɗaya.

Lungun ya cika fiye da ranar Shiru. Mai Kebur ya zauna a kan kwali, ya ɗaga agogo ya ce, "Sabon batir, kowa ya shaida." Aka yi dariya, aka kunna. Hoto ya tashi tsaf, lamba tana nuna 1,160, Mai Fensir ya naɗe hannu yana duban rufi kamar abin bai dame shi ba. Minti goma. Minti ashirin. Fankar ta fara wani irin kuka mai tsini, iskar da ke fitowa ta bayan kwamfutar ta yi zafin da mai gyaran firinta ya janye ƙafarsa. A minti na talatin da ɗaya Shiru, wanda ke tsaye can baya, ya shaƙi iska sau biyu, ya ratso mutane.

"Yaya, a sauke ta. Tana wari."

"Ka ji tsoro ke nan?"

"Nawa ka auna?"

Mai Fensir ya mai da ido kan fuskar kwamfuta. Shiru ya dubi tebur, ya ga fensir mai laushi, ya ga mita mai allura a ture gefe. Ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji. "Yaya, don girman Allah ka kashe. In kana so, zan sa a goge tawa lambar."

Da bai faɗi wannan ba, wataƙila da Mai Fensir ya kashe. Amma a ba shi saman allo sadaka, a gaban teburinsa?

"Koma baya," in ji shi. "Can masu kallo suke tsayawa."

A minti na talatin da takwas aka ji ɗan ƙara kamar an karya tsinken ashana. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya fito ta tsakanin fikafikan fanka, ya miƙe sama, kowa yana kallonsa har ya watse. Mai Kebur ya daɗe yana gyara maɗaurin agogonsa, sa'an nan ya ce, "To, a bari a ga ko za ta tashi gobe."

"Ba za ta tashi ba," in ji Mai Fensir. "Je ka goge. Ni na kafa dokar."

Aka goge 1,140. Shekara tara ana bin ta da alli, saboda haka sai da Mai Kebur ya jiƙa tsumma sau biyu.

Kwana huɗu bai zo kasuwa ba, abin da bai yi ba ko a makon da aka yi masa aikin ido. Shiru kuwa yana da mabuɗin shagon tun zamanin da yake zama a ciki. Rana ta biyar Mai Fensir ya hau ta matakalar baya, ya buɗe, sai ga Tsohuwa a kan tebur bisa farin ƙyallenta, ga mita mai kyau a gefe. Wutar ba ta kashe ƙwaƙwalwar ba. Waɗansu ƙananan abubuwa biyu masu raba wuta ne suka ƙone. Shiru ya cire su, ya kankare ƙunar, ya dasa waɗansu da ya ciro daga kwalin nan, ya goge razistar tas.

Wani zai zaci a nan zuciyarsa ta yi sanyi. Ba haka aka yi ba. Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya kunna fitilar tebur, ya shafe kusan awa guda yana bin liƙin ɗaya bayan ɗaya yana neman aibi. Kowane ɗigon dalma ya zauna daidai, yana sheƙi, babu wanda ya fi ɗan'uwansa girma. Hannun mai gyaran agogo ne. Shi kansa ya san ko a ƙuruciyarsa bai taɓa yin liƙi irin wannan ba, kuma wannan ya yi masa ciwo fiye da lambar. Mai Kebur ya leƙo ya tambaye shi yadda ya ga aikin.

"Ya cika dalma," in ji shi, bai ɗago ba.

Tsohuwa ta tashi, amma ba ta koma yadda take ba. Zafin ran nan ya gajiyar da ita. Ya yi mako guda yana lallaɓa ta, yana ja yana aunawa da mitar da bai yi godiyarta ba, amma da ta wuce 1,118 sai fuska ta cika da ɗige-ɗige. Mai gyaran firinta kuwa yana da 1,125 tun shekara huɗu. Mutane sun zaci zai haƙura da allon gaba ɗaya. Sai ga shi ya kira Mai Kebur, aka yi awa guda, ya sami na uku. Abin da kawai ya roƙa shi ne a ba shi allin ya rubuta da kansa, kuma haruffansa sun ninka na sauran girma.

Shekara biyu ke nan da wannan. Ya koma bin babbar matakala, sai dai ba ya tsayawa hutar da gwiwa. Mitar ta koma ƙusarta, kiran ma ya dawo. A ƙarƙashin teburinsa akwai gilashin taga a jingine, an rufe shi da kwali. In Shiru ya sauka cin abincin rana, sai ya jawo shi, ya ɗiga ruwa, ya goga farantin jan ƙarfe, idonsa a kan madubin bango. Da ya hango kan Shiru a matakala, sai ya tura gilashin ciki da ƙafa. Yana ganin babu wanda ya sani. Watan jiya ya ɗauko mita daga ƙusa, ya tarar an naɗe wayoyinta da sabuwar samfefa, mafi laushi, irin wadda ake gamawa da ita. Ya warware ta, ya dube ta gaba da baya, ya dubi ƙeyar Shiru, ya cusa ta a aljihu.

Da na ce masa ina son in rubuta labarinsa, bai hana ba. Ya zare fensir daga kunne ya nuna saman allo da shi.

"Ka rubuta duk abin da ka ga dama, Malam. Amma ka sa cewa katin can nawa ne. In ba ka yarda ba, je ka ce wa Auta ya juya maka bayansa. Alamata tana nan."